Kwanon mai juna biyu: yadda za ki tsara cinki don kauce wa ciwon sukarin goyon ciki

Akwai ciwon sukarin da ba ya kama mace sai tana ɗauke da juna biyu. Yakan bayyana galibi idan ciki ya kai wata shida, ya kuma tafi bayan an sauka. Damuwar ita ce ba ya sallama idan zai shigo. Mace tana iya kai shi har ɗakin haihuwa ba ta sani ba, domin 'yan alamun da yake nunawa, ƙishirwa da yawan fitsari da kasala, kowace mai ciki tana fama da su ko da lafiyarta ƙalau. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan haihuwa ɗaya cikin shida a duniya tana zuwa ne da hawan sukari a jinin uwa, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗannan irin wanda ciki ke jawowa ne.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wani abu game da wannan. Tun da can ana hana mai ciki rake da zuma da alewa, wai zaƙi zai tare mata hanya ranar naƙuda, sannan idan wata ya kusa a shiga ɗirka mata jiƙe-jiƙen ɗaci. Hanin yana da tushe. Sukarin da ya yi yawa a jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗa, jikin ɗan ya mayar da shi kitse, ya yi girman da zai wahalar da fita. Kafaɗa tana iya maƙalewa bayan kai ya fito, naƙuda ta yi tsawo, ko a ƙare da tiyata. Maganin da suka zaɓa ne bai dace ba: ɗaci ba ya wanke sukari daga jini, kuma saiwar da babu wanda ya auna ƙarfinta ba abin ba mai ciki ba ce.

Ga yadda abin yake faruwa. Duk abinci mai sitaci, tuwo ne ko shinkafa ko burodi ko doya, idan ya narke a ciki sukari yake komawa. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi mai suna fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda ke kwashe sukarin daga jini ya kai shi inda jiki zai yi amfani da shi. Mabiyiya kuma tana fitar da nata sinadaran da ke rage wa insulin kaifi, domin a bar wa ɗa rabonsa. Yayin da take girma, sai jikin uwa ya ninka insulin ɗin da yake samarwa kafin ya iya riƙe ma'auni. Yawancin mata jikinsu yakan iya. Wadda nata ya gaza, ita ce sukari ke taruwa a jininta. Ba ki da iko da mabiyiya, ba ki da iko da abin da kika gada. Abin da ke hannunki shi ne yawan sukarin da kike aika wa jini a lokaci guda, da saurin isarsa.

Mataki na farko: san inda kika tsaya

Ki zauna ki amsa wa kanki waɗannan kafin ranar awo ta farko. Mahaifiyarki ko mahaifinki ko wani da kuke ciki ɗaya yana da ciwon sukari? An taɓa ce miki sukarinki ya hau a wani cikin da ya gabata? Kin taɓa haifar jariri mai kilo 4 ko fiye? Kin taɓa haihuwar ɗa ba rai ba tare da an gano dalili ba? Kina da ƙiba tun kafin cikin? Shekarunki sun haura 35? Kina da hawan jini, ko matsalar nan ta ƙwayayen mahaifa da ke rikita al'ada, wadda likitoci ke kira PCOS?

Ko ɗaya kika amsa da e, ki faɗa wa ungozoma ko likita da bakinki, kada ki jira a tambaye ki. Layin awo yana da tsawo, ma'aikata kaɗan ne, tambayar tana iya wucewa. Irinki akan yi wa gwaji tun farkon ciki, a sake maimaitawa daga baya. Wadda ta amsa duka da a'a ma ba ta tsira daga gwaji ba, domin siririyar mace mai cikin fari tana iya samunsa.

Lokacin farawa yana da muhimmanci ƙwarai. A Finland, binciken RADIEL da aka wallafa a 2016 ya ɗauki mata masu haɗarin kamuwa tun cikinsu bai kai mako 20 ba, aka ba su shawarar abinci da motsa jiki, kamuwar ta ragu da kashi 39 cikin ɗari. A asibitin San Carlos da ke Madrid ta ƙasar Sifen an fara tun mako na 8 zuwa 12, kamuwar ta sauko daga kashi 23 zuwa 17. Amma a Birtaniya, binciken UPBEAT na 2015 a kan mata masu ƙiba fiye da 1,500 bai ga raguwar ciwon ba, duk da cewa cin matan ya gyaru. Abin da na ɗauka daga nan shi ne gyaran abinci yana rage haɗari, ba ya kawar da shi, kuma wadda ta fara da wuri ta fi cin riba. Saboda haka idan kin yi iya yinki aka kuma same ki da shi, kada kowa ya ɗora miki laifi.

Mataki na biyu: fara da abin da kike sha

Da abu ɗaya kawai za ki iya canzawa, wannan zan ce ki zaɓa. Sukarin da ke cikin ruwa ba ya jiran narkewa, kai tsaye yake wucewa jini, kuma ba ya ƙosarwa. Robar lemo ta santilita 50 irin wadda aka saba takan ɗauki sukari kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai ƙara a abincinsa na yini guda kada ya wuce kimanin wannan adadi, rabinsa ma ya fi. Ke nan roba ɗaya ta cinye rabon yini. Wani dogon bincike a kan ma'aikatan jinya mata fiye da 13,000 a Amurka ya nuna a 2009 cewa masu shan baƙin lemo mai sukari sau biyar ko fiye a mako kafin su ɗauki ciki sun fi sauran haɗarin kamuwa da kashi 22 cikin ɗari.

Lemon kwalba kowa ya san shi. Waɗanda ke shammatar mu su ne na gida da waɗanda ake yi wa kallon magani:

Malt da madarar gwangwani, da ake haɗa wa mai ciki don ƙarin jini. Malt ruwan sukari ne, ƙarfen da ke gina jini kuwa yana cikin ƙwayar da ake ba ki a wurin awo, da nama da kifi da wake da ganye.

Zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya, lemon citta da lemon tsamiya na sayarwa. Mai sayarwa tana zuba sukari ne don a dawo gobe.

Fura da nono. Ita kanta fura gero ce, nono kuma abinci ne mai kyau. Ludayin sukarin da ake ambaya mata, da girman kwanon, su ne matsalar. Ki dama ƙwallo ɗaya da kindirmo mai yawa, ba sukari, ki ɗauke ta a matsayin abincin wannan lokacin, kada ta zama abin korawa bayan tuwo. Ki kuma tabbatar an tafasa madarar kafin a yi nonon, saboda ɗanyar madara tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da kan jawo ɓari.

Shayi mai kauri, da madara mai zaƙi da garin koko na gwangwani da sukari cokali uku. Ki rage sukarin kaɗan-kaɗan, cikin mako biyu harshe zai saba. Kada kuma ki haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shayi, yana hana jiki tsotse ƙarfen.

Zuma, mazarƙwaila da dabino. Masu albarka ne, amma jini bai san bambancinsu da farin sukari ba sosai. Zuma kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, busasshen dabino kuwa ya haura kashi 60. Dabino biyu ko uku tare da gyaɗa ba laifi. Cika tafin hannu kullum wani abu ne daban.

Matsattsen ruwan 'ya'yan itace ma yana cikin wannan sahu. Ki sha lemon zaƙi ɗaya da totuwarsa, ya fi kofin da aka matse guda huɗu a ciki. Abin shanki na yau da kullum ruwa ne.

Mataki na uku: gyara kwanon, kada ki kore tuwo

A nan mata da yawa ke kuskure. Da zarar an ambaci sukari sai tsoro ya sa su daina cin duk wani abu mai sitaci, su koma ganye da ruwa. Wannan haɗari ne. Ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinki da sukari take aiki, kuma ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce mai ciki tana buƙatar aƙalla giram 175 na sitaci a yini, da furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 71, da giram 28 na faiba, wato dusa da zare-zaren da ke cikin hatsi da wake da ganye. Dafaffiyar shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunki tana da sitaci kimanin giram 45. Kin ga akwai wurin tuwo a kowane cin abinci. Girmansa da irinsa da abokan tafiyarsa ne za a duba.

Ki kalli farantinki ki raba shi a ido. Rabi na ganye da kayan lambu ne. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin gina jiki: wake, kifi, ƙwai, nama, awara. Ragowar kashi ɗayan shi ne na tuwo ko shinkafa ko doya. Yadda muka saba zubawa akasin haka ne, malmala biyu da miya ɗan ludayi a gefe. Sai ki juya: malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu, miya kuwa har ta nutsar da ita. Kuma miyar ta zama mai ganye da gaske. Taushe da alayyafo da kabewa da yakuwa, miyar zogale da gyaɗa, ɗanyar kuɓewa, kuka, karkashi, lalo, duk sun yi. Rage man, rage dunƙulen ɗanɗano, bar daddawa ta yi aikinta.

Sai irin hatsin. Duk yadda aka surfe hatsi aka cire masa dusa, aka niƙa shi ya yi laushi, aka dafa shi ya yi lugub, haka sukarinsa ke saurin shiga jini. Shi ya sa tuwon shinkafa, wanda ake dafa ɗanyar shinkafa har ta narke a tuƙe, yake cikin masu saurin ɗaga sukari, shi da farin burodi da tuwon semo da teba da sakwara da taliyar leda. Dawa da gero da alkama da acca da aka niƙa da dusarsu, ko aka yi musu surfe sama-sama, sun fi zama a ciki. Idan za ki kai niƙa, ki wanke hatsin ki shanya, ki ce wa mai inji ba surfe. Tuwon zai yi duhu, ba zai yi santsin da aka saba ba, yara ma za su yi ƙorafi kwana biyu. Abincin tsaki kamar dambu da burabusko da fate ya fi na lallausan gari, musamman dambun da aka cika wa zogale ko rama. Turararriyar shinkafa da aka dafa ta yi warara ta fi wadda ta caɓe. Kada dai sunan acca ya ruɗe ki. Ana tallarta a matsayin abincin masu ciwon sukari, amma ita ma sitaci ce, idan kika cika kwano da ita sukarinki zai hau.

Wake shi ne babban abokinki a wannan tafiya, ga araha idan aka kwatanta da nama. Yana da furotin, yana da faiba, sukarinsa a hankali yake fita. Idan za ki dafa garau-garau, ki sa wake ya kai shinkafa yawa ko ya fi ta, ki yanka kabeji da tumatir da kokwamba a kai. Alale, faten wake, ƙosai da ba a bari ya sha mai ba, duk suna cikin lissafi. Ɗanwake kuwa ya danganta da haɗin garin: na kasuwa sau da yawa rogo ko fulawa ne suka rinjayi wake, don haka gara ki haɗa naki. Wancan bincike na ma'aikatan jinya ya nuna a 2006 cewa duk ƙarin giram 10 na faiba a yini yana tafiya da raguwar haɗarin da kashi 26 cikin ɗari. Kofi ɗaya na dafaffen wake ya kai wannan giram 10.

Matan Madrid da na ambata man zaitun aka ba su da wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Ba sai kin nemo waɗannan da tsada ba. Gyaɗa, riɗi, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, da kifi irin su sadin da taitus suna ba da mai irin wanda jiki ke so. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, in dai ba a zuba masa sukari ba, yana cikin mafi kyawun abin da mai ciki za ta ci da la'asar. Abin da za a rage shi ne suya mai nutso a mai, kitsen nama, da kayan fulawa irin su fanke, cincin, dubulan da alkaki. Waina da sinasir na ranar Juma'a ko biki, ki ci biyu ko uku da miyar taushe mai yawa, ki bar sukarin da ake barbaɗawa.

A wasu gidajen har yanzu ana hana mai ciki ƙwai. Babu dalilin lafiya a wannan hani, dafaffen ƙwai da ya nuna sosai abinci ne mai kyau gare ta. Hanta ce ma ya kamata a yi hattara da ita, saboda bitamin A ɗin da ke cikinta yana da yawan da zai iya cutar da ɗan tayi.

'Ya'yan itace ki ci, ɗaya a lokaci guda, tsakanin abinci. Gwaiba, lemo, gwanda yanka ɗaya, goruba, magarya. Lokacin mangwaro ne ake shan mamaki, mace ta zauna da roba guda ta ce ai ɗan itace ne. Ƙaramin mangwaro ɗaya ya isa. Rake kuwa ki ba shi hutu sai bayan suna.

Wata 'yar dabara da ba ta cin ko sisi: ki fara cin ganyen da naman ko waken, tuwon ya biyo baya. An gwada wannan, an ga sukari ba ya yin tsalle kamar idan an fara da sitaci a cikin da babu komai.

Mataki na huɗu: raba cin, ki kula da karin safe

Abinci uku matsakaita, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, ya fi a wuni da yunwa a zo a cika ciki da dare. Da safe ne jikin mai ciki ya fi ƙin jin insulin, kuma abin takaici da safen ne muka fi shan koko mai sukari ko shayi da burodi. Tataccen koko gasara ce zalla, an tace dusar an ba akuya. Idan ba za ki iya rabuwa da shi ba, ƙaramin kofi ba sukari, ki haɗa da ƙosai ko dafaffen ƙwai biyu ko alale. Kunun gyaɗa ko kunun tsamiya na geron da ba a tace ba ya fi shi.

Yini guda zai iya kasancewa haka. Da safe alale biyu da ƙaramin kofin kunu. Da hantsi gwaiba da gyaɗa cikin tafin hannu. Da rana wake da shinkafa da kabeji da kifi. Da la'asar kwaɗon zogale ko awara. Da magariba tuwon dawa malmala ɗaya da miyar kuɓewa. Kafin kwanciya kofin kindirmo ba sukari, don kada dare ya yi miki tsawo ba komai a ciki. Mai laulayi ta ci abin da cikinta ya karɓa a watannin farko, kaɗan-kaɗan, ta dawo kan tsari idan amai ya lafa.

Maigida, wannan naka ne. Kai ke cefane, kai ke shigowa da leda da dare. Idan ledar lemo ce da burodi da kek, duk abin da aka faɗa a sama ya tashi a banza. Kuɗin lemon nan zai sayi ƙwai ko kifi ko gyaɗa. Idan kuma tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, ka sa baki a daina surfe hatsin, kowa zai amfana.

Mataki na biyar: sa ido a kan sikeli

Maganar cewa mai ciki tana ci ne na mutum biyu ta yi wa mata da yawa illa. A wata ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙarin abinci. A wata uku na tsakiya ƙarin kimanin kalori 340 ne a yini, wato kofin kindirmo da tafin gyaɗa. A na ƙarshe kimanin 450, sai ki ƙara ƙwai ɗaya da gwaiba.

Ƙa'idar da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 2009, wadda asibitoci da yawa ke bi, ta danganta ƙarin nauyi da yadda jikinki yake kafin ciki. Ki raba nauyinki na kilo da tsayinki na mita, ki sake raba amsar da tsayin. Mace mai kilo 70 da tsayin mita 1.6 za ta samu 27. Wadda lissafinta bai kai 18.5 ba ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18 a tsawon cikin. Daga 18.5 zuwa 24.9, kilo 11.5 zuwa 16. Daga 25 zuwa 29.9, kilo 7 zuwa 11.5. Daga 30 zuwa sama, kilo 5 zuwa 9. Ko mai ƙiba ba a so ta rage nauyi tana da ciki. Duk ranar awo ki tambayi abin da sikeli ya nuna, ki duba an rubuta a katinki.

Mataki na shida: taka bayan cin abinci

Tsoka idan tana aiki tana jan sukari daga jini ko da insulin ya yi rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu ciki shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, misali rabin awa sau biyar. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan kowane abinci ta fi amfani a kan kishingiɗa nan take. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida. Da zafi a bari sai safe ko bayan magariba. Mai zubar jini, ko wadda aka ce mabiyiyarta ta sauko ƙasa, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa, sai da izinin likita.

Mataki na bakwai: yi gwajin a mako na 24 zuwa 28

Gwajin fitsarin da ake yi ranar awo bai isa ba. Ƙodar mai ciki tana iya sakin sukari a fitsari alhali jini lafiya lau, tana kuma iya riƙe shi alhali ya hau. Gwajin da ake dogara da shi sunansa OGTT. Kwana uku kafin ranar ki ci abincinki yadda kika saba, kada ki rage don sakamako ya yi kyau, kanki za ki cuta. Daren gwajin ki daina ci aƙalla awa 8, ruwa kaɗai. Da safe za a ɗebi jini, a ba ki ruwa mai giram 75 na sukarin gulukos ki shanye cikin minti biyar, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. A tsakani ki zauna wuri ɗaya, ba ci, ba yawo. Ki tafi da abin karyawa a jaka. Idan kin yi amai ki faɗa, sai a sake sa wata rana.

Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2013, ana cewa akwai ciwon idan ɗaya kawai daga cikin ukun nan ya kai: kafin sha 5.1, bayan awa ɗaya 10.0, bayan awa biyu 8.5, a ma'aunin mmol/L. Wasu ɗakunan gwajin da mg/dL suke rubutawa, a nan lambobin su ne 92 da 180 da 153. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa za ki ga 0,92 da 1,80 da 1,53 g/L. Waɗannan lambobi sun samo asali ne daga binciken HAPO na 2008, wanda ya bi mata fiye da 23,000 a ƙasashe tara, ya nuna cewa ko ɗan hawan da bai kai na cikakken ciwon sukari ba yana ƙara girman jariri da yawan tiyata.

Mataki na takwas: idan an same ki da shi

Ki kwantar da hankalinki. Mata bakwai zuwa takwas cikin goma suna riƙe sukarinsu da abinci da tafiya kaɗai. Duk abin da ke sama shi za ki ci gaba da yi, sai dai yanzu da awo. Idan da hali ki sayi na'urar gwajin yatsa, ki gwada da asuba kafin ki ci komai, da kuma bayan kowane babban abinci. Abin da ake nema: da asuba ƙasa da 95, awa ɗaya bayan ci ƙasa da 140, awa biyu ƙasa da 120 a ma'aunin mg/dL, wato 5.3 da 7.8 da 6.7 a ma'aunin mmol/L. Ki samu littafi ki riƙa rubuta lambar da abin da kika ci. Cikin mako guda za ki gane da idonki wane abinci ne jikinki ba ya ɗauka, domin wata tuwon masara ne ke ɗaga mata, wata kuma burodi. Tsinken gwajin yana da tsada, idan ba za ki iya sau huɗu kullum ba ki tsara da likita yadda za ki riƙa juya lokutan.

Idan an yi mako ɗaya zuwa biyu lambobin ba su sauka ba, za a ba ki ƙwayar maganin metformin ko allurar insulin. Kada tsoron allura ya sa ki gudu. Insulin ba ya ratsa mabiyiya ya isa ga ɗa, kuma yawanci da an haihu ake dainawa. Mai yin allurar ta riƙa yawo da ƙwayar sukari ko dabino. Idan ta ji karkarwa da zufa da jiri, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ta sha abu mai zaƙi nan take, ta sake gwadawa bayan minti 15.

Game da azumin Ramadan, shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro, likitoci kuma suna sa mai ciki mai ciwon sukari cikin waɗanda ake ba shawarar kada su yi. Doguwar yunwa da rana, sannan kunu da dabino da lemo a lokaci guda da magariba, su ne ainihin abin da ake gudu. Yadda za ki rama kuma ki tambayi malami.

Ki tafi asibiti ba jira idan motsin ɗa ya ragu, ko kin ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko fuska da hannaye sun kumbura, ko kin ga jini ko ruwa. Wannan ciwo yana ƙara haɗarin hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga.

Mataki na tara: haihuwa da jego

Ki haihu a asibiti, kuma ki tsara ranar da likita tun da wuri, domin ba a son irin wannan ciki ya zarce lokacinsa. Jaririn da ya saba da sukari mai yawa a ciki, da an yanke cibiya nasa yana iya faɗuwa ƙasa. Don haka a sa shi a nono cikin rabin awa, a ci gaba duk bayan awa biyu zuwa uku, a kuma gwada jininsa a sa'o'in farko. Dakashin farko kada a matse a zubar, shi yake buƙata. Shayarwa tana taimakon uwar ma, tana rage mata haɗarin ciwon nan gaba.

Jego lokaci ne na kunun kanwa da zuma da gasasshen nama da tuwo kwano-kwano. Ki ci ki ƙoshi, mai shayarwa tana buƙata, amma sukarin kunun ya zama kaɗan. Dalili kuwa, macen da ta yi ciwon sukarin goyon ciki ta fi wadda ba ta yi ba haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin har ninki bakwai zuwa goma, kuma yana yawan dawowa a ciki na gaba. Ana so a sake gwada ki tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, daga nan kuma duk shekara ɗaya zuwa uku. Wannan gwajin ne aka fi mantawa da shi, hankali duk ya koma kan jariri. Mako shida ya yi daidai da gama arba'in da kuma allurar rigakafin jariri ta mako shida, don haka ki haɗa su rana ɗaya: ki fita ba ki karya ba, a yi wa yaro allurarsa, ke ma a ɗebi jininki. Kafin ki sake ɗaukar wani cikin kuma ki gwada, ki shaida wa ungozoma tarihinki tun ranar da za a buɗe miki sabon kati.